Mai Shaida na Uku a Fasa-Ƙwarya

Jama'a, abin nan da zan ba ku wallahi tallahi a kaina ya faru, ba a majalisa na tsince shi ba, kuma ban ƙara masa ko ƙwayar gishiri ba. A ƙarshen shekarun 1970 ne, ina aikin tuƙi da tafinta a wani kamfani da aka ba awon sabuwar hanya tsakanin Badar da Madina. Ni haifaffen Madina ne, mahaifiyata ce ta zo daga ƙasar Kano a ƙafa tana yarinya, irin mutanen nan da Larabawa ke ce mana Takarna. Ɗan Turancin da nake ji kuwa a filin jirgi na tattaro shi, shekara huɗu ina jidar jakunkunan alhazai, to da aka ce ana neman mai jin Larabci da Turanci kuma ya iya mota, sai na ce ga ni, ban ma tsaya tambayar irin wahalar da ke ciki ba.

Wanda aka haɗa ni da shi wani Bature ne mutumin Sikotlan, dogo, jajir, rana ta mayar da wuyansa kamar an gasa, kuma da yake ba Musulmi ba ne ba ya ƙetare iyakar harami, a sansani yake zaune kusa da Badar, ni ne nake komawa gida duk Alhamis. Mu dai Abu Daftar muke ce masa, saboda wani ƙaton littafi mai baƙin bango da ba ya rabuwa da shi. Sauran injiniyoyi su tudu da kwari suka dama, su kafa na'urarsu mai ƙafa uku su leƙa su rubuta lamba, shi kuwa bawan Allahn nan sunaye yake bi. Kowane dutse, kowane kwazazzabo, kowace rijiya ko da ta ƙafe, sai ya ji yadda mutanen wurin ke kiranta. Kuma yana da wata doka da ta isa kowa, wai suna ba ya hawa taswira sai mutum uku sun tsaya a wurin da ƙafarsu, sun nuna shi da hannu, sun faɗi sunan, an rubuta su waye su da sana'arsu, sun dangwala yatsa a tawada. Biyu ba su isa ba, ko da limamai ne.

Wata rana na gaji na tambaye shi wannan taurin kai na mene ne. Sai ya ce mini a can gundumar ƙauyensu haka aka yi tun zamanin kakan kakansa, masu awon ƙasa suka zo da littafi irin wannan suna bin gida gida, kuma tsohon nasu, makiyayin tumaki da ko sunansa bai iya rubutawa ba, yana cikin ukun da suka shaidi sunan wani ɗan marmaro a bayan gidansu. Ya ce yanzu ƙauyen ya watse, gidajen sun zube, yaren da aka raɗa sunan da shi ma ba kowa ke ji ba, amma da ya je ya buɗe littafin ya ga sunan marmaron da sunan tsohon a gefe, sai da ya nemi kujera ya zauna. Ni a lokacin abin dariya ya ba ni, na ce a raina wannan rana ce ta taɓa shi.

To haka muka yi ta yi wata da watanni. In muka hango baƙar bukkar Badu, wato Larabawan daji masu awaki, sai mu karkata, a dafa mana gahawa, a kawo dabino, sai an sha kofi uku kafin a zo kan magana, sannan tsofaffi su kama gardama a kan ko wancan tsaunin sunan raƙumar wane ya ci ko sunan matarsa. Na sha ganin an kusa zare sanda a kan dutsen da ko akuya ba ta hawa. Ni ke tambaya, ni ke rubuta sunan da Larabci, shi ya rubuta da nasu baƙaƙen a ƙasa. Gaskiya tun ina ƙorafi har aikin ya shiga raina, na zama in na ga tudu sai in ji ina son sanin wa ya raɗa masa suna kuma me ya faru a wurin.

Ranar da abin ya fara, Talata ce, wajen azahar, rana tana tsakiyar ka. Mun bar Badar a baya da ɗan nisa, mun shiga wani fili tsakanin duwatsu inda ma'aikata suka riga suka kafa turaku masu jan fenti, alamar nan hanya za ta bi. Abu Daftar ya hau tudu da na'ura da leburori biyu, ya bar mini littafin ya ce in duba ko akwai wanda zan tambaya. Na waiga, ba bukka ba akuya, sai wani babban dutse da ya tsage biyu kamar an sara shi da gatari, da wata bishiyar ƙaya a gindinsa. A inuwarta na ga mutum zaune.

Tsoho ne baƙi, siriri, da tsage a kumatu irin na mutanen da, sanye da riga saƙi wadda ni dai ban taɓa ganin irinta a jikin mai rai a Madina ba sai a akwatin tsofaffi, ga sanda a jingine, ga rabin wani ɗan ƙoƙo mai zane a hannunsa yana jujjuyawa. Na yi masa sallama, na ɗora da Larabci kamar yadda na saba, na ce ya ammi, wato baffa, wurin nan yana da suna? Sai ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “Ɗan nan, gaishe ni da bakin uwarka mana.”

Kai, Hausa fa, tsantsarta, babu ko ɗigon Larabci, irin wadda rabona da jin ta tun tsofaffin unguwarmu na da rai. Na durƙusa na gaishe shi, ya tambayi gajiya, ya tambayi mutan gida, na ce in kawo masa ruwa daga mota, ya ce a'a ya ƙoshi. Na sake tambayar sunan wurin, ya ce, “Fasa-Ƙwarya ake ce masa. Rubuta.” Na ce wa ke ce masa haka, ya ce waɗanda suka sauka a nan. Daga nan ya ci gaba da juya ƙoƙonsa.

Yanzu ga inda na yi abin kunyar da har gobe ban manta da shi ba. Ban rubuta ba. A wurin aikin nan ba na yin Hausa, ban ma so a san ina ji, don akwai wani magatakarda a ofis da kullum abin tsokanarsa ke nan, ya Takruni kaza ya Takruni kaza, mu Takarna yake nufi, sai na hango ranar da littafin zai je hannunsa ya ga sunan Hausa tsakiyar sunayen Larabawa, ya ɗaga shi sama yana karantawa ana dariya. Na ce wa kaina ai tsohon nan wataƙila makiyayin wani ne da ya zo jiya daga Sudan ya ƙirƙiro abinsa. Na buɗe shafin, a gurbin suna na rubuta babu, na yi wa tsohon sai an jima na koma mota. Da Abu Daftar ya sauko ya tambaya na ce ba kowa, ba suna, muka wuce.

Ranar Alhamis na koma gida, bayan la'asar ina zaune a tsakar gida Inna tana tsince shinkafa a tire. Ni ɗan fari ne, ba ta kiran sunana, kai ɗan nan take cewa. Don in ba ta dariya na ce, Inna, kin san har a dajin Badar akwai Bahaushe, wai wani tsoho na gani yana ce mini sunan wurin Fasa-Ƙwarya. Wallahi ban rufe baki ba tiren ya sulale daga cinyarta, shinkafa ta watse, ita kuwa ko kallon ta ba ta yi ba. Ta ce in sake faɗi. Na sake. Ta ce akwai dutse tsagagge? Na ce akwai. Sai ta ce, “Uwata tana nan kwance.”

Ni na san kakata a hanya ta rasu, amma ban taɓa tambayar ina ba, ita ma ba ta taɓa faɗa ba. Ranar ta ba ni labarin. Ta ce tana da kamar shekara bakwai, ayarinsu ya taso daga bakin teku a ƙafa za su Madina, bayan sun wuce Badar ciwon ciki ya shiga cikinsu, suka yada zango a gindin dutsen nan kwana biyar, mutane suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, har da mahaifiyarta. Ta ce a ƙasarmu in an sa mamaci a ƙaramin ramin kabari, da itace da fasassun tukwane ake rufe shi kafin a zuba ƙasa, don kada ƙasa ta sauka a kansa, to su a can ba tukunya ba itacen kirki, sai suka riƙa fasa ƙwaryar da suke ci da sha a ciki suna rufawa. Shi ya sa masu tafiyar ƙafa suka riƙa kiran wurin haka, duk ayarin da ya biyo sai ya tsaya ya yi addu'a, har aka daina zuwa a ƙafa, sunan ya bi masu shi. Ta ce shekara hamsin tana son ta je ta yi wa uwarta sallama, amma wa za ta tambaya, kuma da wane suna.

Sannan ta ce, “To ka rubuta musu?” Na sunkuyar da kai. Na gaya mata abin da na rubuta, na kuma gaya mata turakun hanya ta tsakiyar filin suka bi, katafila na nan tafe. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Tsugunawa ta yi tana tattara shinkafarta ƙwaya ƙwaya.

Washegari Juma'a da sassafe na ɗauki mota na tafi sansani na sami Abu Daftar yana aske gemu, na faɗa masa gaskiya duka, har da dalilin da ya sa na ɓoye. Ya daɗe yana kallona, fuskar nan ta ƙara ja, na ce yau aikina ya ƙare. Sai ya ce shi ba zai iya kawar da hanya don wasu warwatsattsun duwatsu ba, ambaliya ta share alamar kaburburan tuntuni, manyan ofis ba za su saurari kukan tsohuwa ba. Amma in littafi ya ce maƙabarta ce, da sunanta, da shaidu uku, to ba mai iya sa katafila a kai, dole a karkata. Ya ce littafin zai tafi ofis ranar Talata da safe, daga nan ya fita hannunsa. Na ce to ni ne na ɗaya. Ya ce a'a, kai makon nan ka fara jin sunan, kuma kai ne ka rubuta babu.

Ranar Asabar na ɗauko Inna. Tun daga nesa, kafin in nuna mata komai, ta ce tsaya, ga shi can. Ta sauka tana dafa ni, ta zagaya dutsen, ta tsaya a wani wuri da ni ban ga bambancinsa da ko'ina ba, ta yi sallama da murya ƙasa ƙasa, ta daɗe. Abu Daftar ya cire hularsa ya koma gefe. Da ta gama ta faɗi sunan, ta dangwala yatsa, aka rubuta sana'arta mai sayar da ƙosai da waina. Ɗaya ke nan.

Na biyu mun sha yawo kafin mu same shi, wani dattijon Badu ne, Ammi Salim, da ke kiwo a bayan tsaunin. Shi ya ce tun yana yaro ubansa ke hana su barin awaki su kwana a filin, yana cewa kabarin Takarna ne, kuma ya sha jin masu wucewa a ƙafa suna kiran wurin da bakinsu, ya ma kwaikwayi sunan daidai gwargwado har Inna ta yi murmushi. Ya zo ya tsaya ya nuna ya dangwala. Da na tambaye shi tsohon da na gani ranar Talata, sai ya ce wane tsoho? Ya ce ya waladi, wato ɗana, ni na san duk mai numfashi a kwarin nan har da karnuka, rabon da baƙin mutum ya zauna a nan tun kafin a kawo mota.

Lahadi da Litinin da safe na bi duk inda zan bi. Na shiga unguwanninmu na Madina gida gida ina neman tsohon da ya zo a ƙafa ta wannan hanyar, wanda na samu ya makance ba ya tashi, wata kuma ta ce su ta Makka suka biyo. Har na je unguwar Sultana wurin wani abokina tela mutumin Chadi, ya ce yalla mu je, ni zan ce na sani, mene ne a ciki, yatsa ne kawai. Na zo na gaya wa Inna ina murna, sai ta ce, “Kai ɗan nan, ƙarya ɗaya ba ta ishe ka ba? Ba za a tsare mini kabarin uwa da shaidar zur ba. In Allah ya so a bi ta kansu, su dai suna inda suke.” Haka na fita, na fasa maganar telan.

Ranar Litinin da azahar na roƙi Abu Daftar mu koma wurin sau ɗaya, ban ma san me nake fata ba. Muka tsaya, muka fito, iska mai zafi tana kaɗa ƙyallayen da ke jikin turaku, can nesa kuma ana jin gurnanin katafila. Ya buɗe littafin a kan murfin mota yana duba layin nan na uku da ke fayau, ya ce mini ya yi baƙin ciki, kuma na ga alamar da gaske yake. Sai ya ɗaga kai ya ce, wancan fa?

Ku lura da wannan, don shi ne abin da ya hana ni cewa rana ce ta buge ni. Baturen ne ya fara ganin sa, ba ni ba. Yana zaune inda na bar shi, rigar nan, sandar nan, rabin ƙoƙon nan. Na tafi da sauri har ina tuntuɓe, na zube na gaishe shi, na ce Baba ka yafe mini, ban rubuta ba. Ya ce, “Na sani. Kawo littafin.”

Abu Daftar ya zo ya tsuguna, ya bi ƙa'idarsa tsaf kamar kullum, yana tambaya ina juyawa. Sunan wuri, ya faɗa, ya ɗaga sanda ya zagaye filin da ita, daga dutsen har wata 'yar gangara, ya ce iyakarsa ke nan. Sunanka fa? Tanko. Sana'a? Ya ce jan ayari, madugu ne shi. Baturen ya ce in tambaye shi tun yaushe ya san wurin da wannan suna, tsohon ya ɗan yi murmushi ya ce, “Ina nan aka sa shi.” Ni kuwa na juya wa Bature cewa ya daɗe a nan, shi kuma ya rubuta mazaunin wurin ne tun da daɗewa. Na miƙa masa tawada, irin shuɗiyar nan mai ɗan ja, ya sa babban yatsansa na dama, sai na ga yatsan a tsage yake tun daga farce har gaɓa, tsohon tabo, shaidar ma da ta fito a takarda rabe take biyu. Na ba shi tsumma ya goge, ya ce bar shi.

Har na miƙe sai ya ce, “Ka gai da yarinyar nan. Ka ce mata ta bar kukan ƙoƙon nan haka, ya yi mini amfani.” Na ce wace yarinya, Baba? Ya ce kai dai ka faɗa a gida. Muka koma mota, Baturen yana ta murna yana bubbuga kafaɗata, sai ya tuna bai tambayi shekarunsa ba, ya ce in koma. Tsakanin motar da bishiyar bai fi taku arba'in ba, kuma fili ne. Na koma ba kowa. Na zagaya dutsen, na leƙa tsagar, na hau sama na duba gabas da yamma. Ba zan ce muku babu sawu ba, don wurin tsakuwa ne, ko ni ban bar sawu ba. Amma tsoho mai sanda ba ya ɓacewa a fili cikin minti biyu, wannan kam na sani.

Da yamma na isa gida na ce Inna an samu na uku, ta ɗaga hannu ta yi hamdala, ta ce wane ne bawan Allahn. Na ce tsohon nan ne, wai sunansa Tanko, madugu. Ta ce yatsansa fa? Ban gaya mata komai a kan yatsa ba, wallahi ban gaya mata ba. Na ce a tsage yake. Ta ce igiyar guga ce ta yanke shi a wata rijiya a Sudan, tana tsaye aka ɗaure masa. Ta ce Madugu Tanko shi ya haƙa kabarin uwarta da hannunsa, shi ya yi wa duk waɗanda suka rasu sutura, kuma shi ne na ƙarshe da ciwon ya ɗauka, ranar da za su tashi.

Na daure na isar da saƙon, na ce ya ce in gai da yarinya, wai ta bar kukan ƙoƙo, ya yi masa amfani. Jama'a, ban taɓa ganin Inna ta yi kuka irin na ranar ba, ko da mahaifina ya rasu. Da ta samu ta yi magana sai ta ce, lokacin da aka zo rufe Madugu ƙwarya ta ƙare kaf a ayarin, babu abin da ya rage sai wani ɗan ƙoƙo nata mai zane da uwarta ta ba ta tun a gida, da shi take shan kunu. Ubanta ya ɓamɓare shi daga hannunta ya fasa aka rufa wa Madugu a fuska. Ta ce tun daga nan har Madina tana kuka, mutane suna cewa wayyo marainiya tana kukan uwa, alhali ita ƙoƙonta take wa kuka. Ta ce da ta girma abin ya zame mata ciwo, kullum tana ganin ta yi wa mamaci rowa, ta kuma fifita ƙoƙo a kan uwarta, kuma ba ta taɓa gaya wa kowa ba, ko mijinta.

Littafi ya tafi ranar Talata. Magatakardan nan ya karanta sunan, ya yi dariyarsa, ni kuma na ce masa e, yarenmu ne, kakata ce a wurin, sai ya daina dariyar. Bayan 'yan makonni aka zo aka tumɓuke turakun aka mayar da su can gefen gangara. Na gaya wa Abu Daftar abin da Inna ta ce, ina zaton zai soke shaidar, ya daɗe yana kallon yatsan nan rababbe a takarda, sannan ya ce dokarsa ta ce mutum ya tsaya a wurin, ya nuna, ya faɗa, ya dangwala, kuma duk an yi a gabansa, shi bai san wata doka bayan wannan ba. Amma na lura daga ranar in za mu wuce filin sai ya cire hula.

Na kai maganar wurin wani malami a unguwarmu, ya ce mamaci ba ya dawowa, wannan babu ja, wataƙila aljani ne Musulmi da ke zaune a wurin ya ga abin da ya faru ya ɗauki siffarsa, wataƙila kuma wani abu ne da Allah bai ba mu saninsa ba. Na karɓa, don ni ba malami ba ne. Sai dai har yau ina juya abin a raina, in aljani ne, me ya dame shi da kukan wata yarinya a kan ƙoƙo?

Saura abu ɗaya. Bayan an kawar da turakun na sake kai Inna, muka tafi da ƙannena don mu jera duwatsu a zagaye filin yadda tsohon ya nuna da sanda. Muna cikin aiki ta kira ni gindin bishiyar. Rabin ƙoƙon ne a ajiye a kan wani ɗan dutse, ya bushe ya yi baƙi, zanen yana nan, kuma a bakinsa ga shaidar yatsa da shuɗiyar tawada, rabe biyu. Ta ɗauka ta jujjuya shi, ta shafa zanen da yatsa, na ce mu tafi da shi gida Inna, ai naki ne. Ta girgiza kai, ta tona ƙasa da hannunta, ta kifa shi, ta mayar da ƙasa ta daddanna. Ta ce, “Wancan karon ƙwacewa aka yi. Yau ni na ba shi.”

Inna ta rasu bayan shekara uku, kuma a cikin shekarun nan ba wata Sallah da ban kai ta wurin ba. Ni yanzu na tsufa, jikokina in na yi musu Hausa da Larabci suke amsa mini, ba na kuma jin haushinsu don na san wanda ya fara. Abin da zan ce muku shi ne, in kuna da tsoho a gida ku zauna ku tambaye shi ta ina ya biyo, ina ya sauka, me ake ce wa wurin, ku rubuta yadda ya faɗa ko da sunan zai ba wani dariya. In kuma Allah ya sa kun bi hanyar Badar kuka ga titi ya ɗan karkace a fili ba gaira ba dalili, ga dutse tsagagge a gefe, ku rage gudu ku yi sallama, kuma da Hausa za ku gaishe su. Ni dai duk sanda na yi, ba na yarda in dubi gindin bishiyar nan.